Ɗaya Gumel, Biyu Maigatari

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin jarrabawa na shiyya da ke Gumel a shekarar 1997, kuma mutum biyu kaɗai aka yarda su taɓa ta. Sauran ma'aikata sai dai su leƙo ta taga su ga baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙiftawa, su kaɗa kai su wuce. An ba ta ɗaki ita kaɗai, da fanka, da labule, da mayafin da ake lulluɓe ta idan an tashi aiki. Akwai waɗanda suka shekara ashirin a ofishin ba su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba su gaji da faɗa ba.

Na farko a cikin mutum biyun Elias ne, mutumin Pankshin, wanda aka ɗauka aiki jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar, saboda yana da takardar koyon kwamfuta daga Jos. Yana da kai, yana da saurin hannu, kuma ya san yana da su, wanda shi ne ɗan aibinsa. Na biyu Malam Sajo ne, babban akawu, dattijo siriri mai tabarau, wanda ya fara buga tafireta tun kafin a haifi Elias. Ranar da Elias ya sauka a tashar Gumel da akwati ɗaya bai san kowa ba, Malam Sajo ne ya ajiye shi a zaurensa wata uku, ya nemo masa ɗaki. Da ya tashi auren Justina, dattijon ya hau mota har Filato ya tsaya masa. Iliya yake kiransa, shi kuma ya ce masa Baba.

An raba musu aikin tun farko. Elias ne ke shigar da sunayen yaran firamare da za su rubuta jarrabawar shiga sakandare daga ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Amma buga jerin sunayen da lambobin yara, da sa su a ambulan, da liƙewa, da buga hatimi, wannan na Malam Sajo ne shi kaɗai, ƙofa a kulle. Haka ake yi tun zamanin tafireta, domin shi ne wanda ba a taɓa jin wata takarda ta fita ta hannunsa ba. Ba a buɗe ambulan ɗin sai safiyar jarrabawa, a gaban masu sa ido.

Abin da Elias ya sani, kuma yake riƙe da shi shekara biyu ko Justina bai faɗa wa ba, shi ne Malam Sajo ba ya ganin rubutu.

Ya gano ne wata ranar Talata. Dattijon ya zauna ya buga wasiƙa shafi guda a tafireta, cikin saurin nan nasa da kowa ke sha'awa, ya zare ya miƙa wa Elias ya ce ya kai wa shugaba. Elias ya duba takarda, fara fat. Zaren tawada ya zame tun layin farko, haruffan sun yi ta dukan takarda babu abin da ya fito, shi kuwa mai bugawa bai sani ba. Elias ya tsaya da takardar a hannu, bai fita ba. Sai Malam Sajo ya ce ya rufo ƙofa. Ya gaya masa ya je Kano sau biyu, likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, babu aikin da za a yi mata. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, yana gane hanya idan ya saba da ita. Saura shekara uku ba kaɗan ya cika talatin da biyar a aiki, kuma abin da yake so a duniya bai wuce ya fita da ƙafarsa a ranarsa ba, kada a rako shi ƙofa ana cewa Allah sarki.

Elias ya yi abin kirki a nan, kada a hana shi. Kwamfutar wancan zamani ba ta da hotuna, ba ta san komai ba sai umarni. Ka rubuta kalma, ka danna babban maɓalli, ta yi abin da ka ce. Idan ka kuskure harafi ɗaya ta ƙi ka. Ga mutumin da yatsunsa suka haddace haruffa shekara talatin, wannan ba wahala ba ce. Elias ya zauna ya haɗa masa gajerun umarni da Hausa. Idan dattijon ya rubuta BUGA, kwamfuta za ta yi ƙara sau ɗaya, ta jero garuruwan huɗu da lamba, shi kuma ya danna lambar da yake so. Jerin yana bin yadda Malam Sajo ya saba ajiye fayil tun da can: ɗaya Gumel, biyu Maigatari, uku Gagarawa, huɗu Sule Tankarkar. Firinta ta gama kukanta, ya yage takarda, ya sa a ambulan ɗin da ya buga wa adireshi a tafireta, ya liƙe. Wasiƙun da ke shigowa kuwa, Elias ne ke karanta masa da safe, suna shan shayi, kamar hira suke.

Abu ɗaya dattijon ya roƙa. Ya ce masa, "Iliya, ni yanzu hannuna ne idona. Duk abin da za ka taɓa a jikin na'urar nan, ka faɗa mini kafin ka taɓa." Elias ya ce ya yi alkawari, har ya ɗan ji haushin a ce sai an tuna masa.

Shekara biyu abu yana tafiya, ba a taɓa samun kuskure ba.

A watan Afrilun 1997 aka tura Elias kwas na mako biyu a Kano. A can ya haɗu da wani tsohon abokin karatunsa, Godspower, wanda ke gyaran kwamfuta a wani shago a Sabon Gari, mutum mai baki kamar reza. Da Elias ya ba shi labarin abin da suke aiki da shi a Gumel, Godspower ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai tsohon yayi ne, mutanen ƙauye kaɗai suka rage a kai. Ya nuna masa sabon tsarin karɓar umarni da ke kan tasa kwamfutar. Rubutu mai launi, kore da ruwan ɗorawa. Ka fara rubuta kalma ya ƙarasa maka. Yana tuna umarnin da ka ba shi jiya. Elias ya ji kunyar kwamfutarsa kamar yadda mutum ke jin kunyar tsohon takalmi a gidan biki, ya dawo Gumel da faifai ɗaya a aljihun riga.

Ya tuna alkawarin, kada a ce mantawa ya yi. Ya dai san abin da dattijon zai ce: a bari sai bayan jarrabawa, ko a bari sai bayan ya yi ritaya, saura wata goma sha ɗaya kacal. Shi kuwa Elias ko kwana goma sha ɗaya ba ya jin zai iya jira. Ya ce a ransa zai sa, ya gwada, idan komai na Baba yana aiki to babu abin da aka taɓa ke nan.

Ranar Litinin da rana, Malam Sajo ya tafi salla, Elias ya zura faifai. Kafin tsarin ya gama hawa sai wani dogon bayani ya cika allo, jerin abubuwan da suka sauya daga tsohon zuwa sabon, da gargaɗin a karanta. Shafi huɗu ne da Turanci mai ƙananan haruffa. Elias ya danna maɓalli sau huɗu ya wuce. Ya rubuta BUGA. Kwamfuta ta yi ƙara sau ɗaya kamar kullum, garuruwa huɗu suka fito, yanzu da launin kore mai kyau. Idonsa ya faɗa kan Gumel, ya danna lambar da ke gefenta, takardar Gumel ta fito daidai. Ya gwada Maigatari, daidai. Ya tafa wa kansa. Mai ido suna yake karantawa, hannunsa ya bi, bai taɓa haddace lamba ba balle ya ga ta matsa.

Ranar Alhamis Malam Sajo ya kulle ƙofa ya yi aikinsa. Da ya fito da ambulan huɗu a hammata, ya tsaya kan Elias, wanda ke nuna wa masu buga tafireta yadda sabon tsarin ke ƙarasa kalma da kansa. Ya tambaye shi a hankali ko yaran Gumel sun ragu ne bana, don ya ji takardarsu babu nauyi a hannu. Elias bai ko juyo ba. Ya ce ai kullum raguwa suke, iyaye sun fi son kasuwa. Dattijon ya ɗan tsaya, ya ce to, ya wuce ofishin shugaba. Ranar Juma'a motar ofis ta raba ambulan.

Safiyar Asabar Elias yana ƙofar gida yana wanke babur, wani malamin makaranta ya zo a guje yana neman shugaban ofis, Alhaji Ya'u. Ya ce a firamaren da ke bayan kasuwa an buɗe ambulan an kira suna arba'in babu yaron da ya amsa. Sunayen 'yan Gagarawa ne. Kafin hantsi ya yi zafi wani ya iso a babur daga Maigatari, an ba su sunayen Gumel. Na Gagarawa bai iso ba sai wajen sha ɗaya, shi kuma na Maigatari aka ba su. Babu waya a ko ɗaya daga cikin makarantun. Yara sun taho daga ƙauyuka tun asuba, wasu a ƙasa, wasu a amalanke, an tara su a rana tsakiyar bazara, iyaye suna tsaye bakin shinge. A Sule Tankarkar kuwa komai ya tafi daidai, an raba takardun tambaya, yara sun rubuta sun fito suna faɗa wa kowa abin da aka tambaya. Ke nan babu sauran sirri a jarrabawar. Kafin la'asar aka soke ta a shiyyar gaba ɗaya.

Da Elias ya ji cewa Sule Tankarkar ce kaɗai ta tsira, sai ya tuna da faifan nan. Ya hau babur ɗin da bai gama wankewa ba ya tafi ofis, ya yaye mayafi, ya rubuta BUGA, kuma a karon farko ya dubi lambobin. Ɗaya Gagarawa. Biyu Gumel. Uku Maigatari. Huɗu Sule Tankarkar. Ya nemo bayanin nan mai shafi huɗu ya karanta da yatsa a kan allo. Yana shafi na biyu: sabon tsari yana jera sunaye ne bisa harafin farko, ba yadda aka shigar da su ba, kuma wanda ke son tsohon jeri ya ƙara kalma kaza a layi kaza. Kalma ɗaya. Masu tsarin ba su ɓoye ba, sun ma ja layi a ƙarƙashinta. Ya ƙara kalmar, jerin ya koma yadda yake, aikin bai kai minti ɗaya ba. Ya zauna yana kallon allon, fanka tana juyawa, zufa tana bin bayansa. Bai taɓa raina kansa irin na ranar ba.

Ranar Lahadi a coci bai ji ko kalma ɗaya daga wa'azi ba. Ana tashi ya ce wa Justina ta wuce gida, ya nufi gidan Malam Sajo. Ya same shi a zaure kan tabarma, shi kaɗai, rediyo a kashe. Bayan gaisuwa Elias ya durƙusa ya faɗi komai, har da faifan, har da shafi huɗun, har da maganar yaran Gumel da ya amsa ba tare da ya juyo ba. Yana so a zage shi. Da an zage shi da ya ji sauƙi.

Malam Sajo bai zage shi ba. Ya daɗe yana shafa gefen tabarma, sannan ya tambaya ko an mayar da jerin. Elias ya ce an mayar. Sai dattijon ya shiga tsara abin da za a yi gobe, cikin muryar da yake tsara aikin ofis. Za a turo wani daga Dutse. Shi zai ce ya buga takardu huɗu ya ajiye a tebur, ya rikita su wajen sawa a ambulan, tsufa ne da gaggawa. Za a yi masa faɗa, za a ba shi takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa, zai karɓa. Gargaɗi ba ya korar mutum.

"Kai kuma ka yi shiru," in ji shi. "Idan ka ce na'ura ce ta sauya, tambayar da za ta biyo baya ba taka ba ce, tawa ce. Ka gane?"

Elias ya ce ya gane, amma bai kamata Baba ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

"Ban tambaye ka abin da ya kamata ba, Iliya. Roƙonka nake. Wata goma sha ɗaya ne."

Elias ya ce ya yi alkawari. Shi kansa sai da ya ji nauyin kalmar a bakinsa, don wannan ne karo na biyu.

Wadda aka turo daga Dutse mace ce, Hajiya Asama'u, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta barin tambaya a rabi. Aka taru a ofishin Alhaji Ya'u, shi da ita a zaune, manyan ma'aikata a jikin bango, Elias a bakin ƙofa. Malam Sajo ya tsaya a tsakiya, hannu a baya, ya faɗi abin da ya shirya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Hajiya ta wanke shi tas. Ta lissafa masa yaran da suka wuni a rana, da yarinyar da ta suma a Maigatari, da kuɗin sake buga tambayoyi. Ta ce mutum mai furfura wanda aka ba amana shi kaɗai a ɗaki, ya kasa sa takarda huɗu a ambulan huɗu, to me ya rage masa. Dattijon yana ta cewa haka ne, ranki ya daɗe. Alhaji Ya'u ya sa baki ya ce shekara talatin da huɗu ba a taɓa samunsa da ko ɗigo ba. Hajiya ta ja numfashi, ta ce a rubuta masa gargaɗi mai ƙarfi, daga yau kuma a riƙa sa mutum na biyu yana duba ambulan kafin a liƙe. Ta rufe fayil, ta fara neman murfin alƙalaminta.

An gama ke nan. Abin ya tafi yadda dattijon ya tsara, har da riba, don mutum na biyun nan kowa ya san Elias za a sa.

Amma Elias ya kasa. Yana tsaye yana jin kowace kalma ta Hajiya tana sauka a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa tausayi ne da gaskiya suka sa shi magana. Ba su ba ne. So yake ya sauke abin da ke danne shi, ya koma gida ya iya cin abinci, ya dubi kansa a matsayin mutumin da ba ya bari a zalunci wani. Don kansa ya yi, kuma ko a lokacin wani sashe na zuciyarsa ya sani.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba laifin Baba ba ne. Ni na sauya tsarin kwamfuta ban faɗa masa ba. Lambobin garuruwan ne suka juya."

Malam Sajo bai motsa ba, sai dai hannayen da ke bayansa sun saki juna. Hajiya Asama'u ta sake buɗe fayil. Ta sa Elias ya yi bayani dalla-dalla, ya yi, har muryarsa ta fara ƙarfi don yana jin daɗin yadda yake faɗin gaskiya. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tambaye shi ko sunan gari yana fitowa a allo kusa da lambar. Ya ce yana fitowa. Ta tambaya ko yana fitowa a saman takardar da aka buga. Sai a nan Elias ya ga inda aka dosa, ya ce e da muryar da da ƙyar aka ji.

Ta zaro shafi ɗaya daga ambulan ɗin Gumel, wanda aka rubuta GAGARAWA a samansa da manyan haruffa, ta miƙa wa dattijon. Ba da mugunta ta yi ba, aikinta take.

"Malam Sajo, karanta mini abin da ke saman nan."

Ya miƙa hannu, ya ɗan kuskure takardar, ya lalubo ta. Ya riƙe ta a gaban fuskarsa. Kowa a ɗakin ya ji an karanta sunan garin sau goma tun safe, da ya so da ya yi canki, watakila ya dace. Bai yi ba. Ya sauke takardar, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Ranki ya daɗe, ba na gani. Shekara biyu ke nan da wani abu."

Da Hajiya ta yi magana muryarta ta sauko, ta ce a ba shi kujera, kuma wannan kujerar ta fi duk faɗan da ta yi masa ciwo, Elias ya gani a fuskarsa. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba za ta iya komawa Dutse ta rubuta wani abu dabam da abin da ta gani ba. Alhaji Ya'u ƙasa yake kallo.

Da aka watse, Alhaji Ya'u ya tare Elias a baranda, ya ja shi gefe. Mutum ne mai sanyi wanda ba a taɓa jin ya yi wa ma'aikaci tsawa ba, kuma ranar ma bai yi ba. Ya tambaye shi ko yana tsammanin shi kaɗai ya sani. Ya ce shekara biyu ke nan yana hana a matsar da bencin da ke baranda, ko a sauya wa randar ruwa wuri, ko a mayar da ofishin akawu sabon gini, mutane suna cewa rowa ce da son tsohon abu. Masinja ya sani, masu shara sun sani, direba ya sani shi ya sa yake tsayawa daidai bakin matakala kullum. Babu wanda ya taɓa faɗa wa wani, kowa dai ya bar komai inda yake. Muddin ba a furta a gaban baƙo ba, babu abin da za a rubuta.

"Mu da ba mu je kwas ba mun iya wannan," in ji shi, ya koma ofishinsa.

Elias ya sami nasa gargaɗin, shafi ɗaya, bai ko ji shi ba. An sake jarrabawa bayan mako uku, shi ya buga sunayen, wani ya duba. Malam Sajo bai ƙara zuwa ofis ba, an ce ya zauna a gida har a ji daga sama. A ofis babu wanda ya yi wa Elias magana mara daɗi. Ana gaishe shi, yana amsawa, amma masu buga tafireta sun daina leƙowa kallon launin allo, shayin safe kuma shi kaɗai yake sha.

Cikin watan Yuni umarni ya zo daga Dutse a sallami babban akawu bisa dalilin rashin lafiya. Tun da babu akawun da zai buga wasiƙar, Elias aka ba. Ya buga ta a kwamfuta, Alhaji Ya'u ya sa hannu, ya ce Elias ɗin ne zai kai. Bai yi gardama ba.

An yi ruwa da safe, unguwar duk taɓo. Ya sami dattijon a zaure. Matarsa Adda ta kawo ruwa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta tambayi Justina, ta koma ciki. Elias ya miƙa wasiƙar, sannan ya tuna, ya karɓe ta ya buɗe ya karanta masa da kansa, tun daga lambar fayil har zuwa inda gwamnati ke gode masa bisa shekara talatin da huɗu da wata biyu. Ya gama ya ba da haƙuri, haƙurin da ya yi ta shiryawa a hanya, amma ya fito a birkice, ba kai ba gindi. Malam Sajo ya ce ya wuce, Allah ya riga ya rubuta, idon ai ba Iliya ne ya kashe shi ba.

Sai dattijon ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin Elias, ya ce akwai abu ɗaya da yake ta juyawa a ransa tun ranar, bai samo amsa ba, kuma ba don faɗa yake tambaya ba, so yake ya fahimta.

"Wancan tsohon tsarin da ka cire, me ya lalace a jikinsa?"

Elias ya buɗe baki. Ya nemi abin faɗa, ko jinkiri, ko wata matsala komai ƙanƙantarta da zai rataya a kai. Ya tuna launin kore, ya tuna dariyar Godspower.

"Babu, Baba. Lafiyarsa ƙalau."

Malam Sajo ya jira ko akwai ƙari. Da ya ji babu, ya gyaɗa kai a hankali, ya lalubi wasiƙar a hannun Elias, ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihu. Ya ce a gaida Justina.